Aikin Maƙogwaro: A Kan Kujera Ido Biyu, Ko a Ɗakin Tiyata Cikin Barci?

Likitan ya fesa mini wani ruwa mai ɗaci a ƙofofin hanci biyu, ya ce in zauna in jira. Bayan 'yan mintuna ya ɗauko wani baƙin bututu siriri mai lanƙwasa kamar bulala, kaurinsa bai kai na fensir ba, da 'yar fitila a bakinsa. Ya tura shi a hankali ta hancin dama. Ido ɗaya ya kawo ruwa, haka dai hanci yake idan an taɓa shi. Sai ya juyo da allon wajena ya ce, "Malam, ga muryarka nan. Ce iii." Na ga wasu farare guda biyu kamar leɓɓa sun haɗu suna karkarwa, da na ja numfashi suka buɗe. Duka-duka abin bai kai minti biyu ba. Ni dai dubawa kawai aka yi mini, aka ce ƙwannafi ne da yawan ɗaga murya, aka sallame ni da magani da faɗa.

Ta wannan hanyar dai, ta hanci, mutum na zaune yana kallo, yanzu likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ke yin ayyukan da a da sai an kai mutum ɗakin tiyata an sa shi barci. Saboda haka wanda aka ce masa akwai tsiro a maƙogwaronsa, ko igiyar muryarsa ɗaya ta shanye, yana iya samun kansa gaban hanya biyu. Nawa ra'ayin tun daga farko shi ne: irin ciwon ne ke zaɓar hanya, sannan jikin majiyyacin, sai aljihunsa daga baya. Wanda ya juya wannan jerin, ya fara da "wanne ya fi sauƙi" ko "wanne ne na zamani", shi ke yin da-na-sani.

Igiyoyin murya suna bayan zakaran wuya. Sunan igiya kawai suka ci, ninkin tsoka ne guda biyu lulluɓe da tantani mai santsi, tsawonsu wajen santimita 2 a namiji, na mace bai kai haka ba. A maganar yau da kullum, na namiji suna kaɗawa sau 100 da 'yan kai a daƙiƙa ɗaya, na mace kusan ninki biyu. A shekarun 1970 wani likitan Japan, Minoru Hirano, ya fayyace cewa ƙarƙashin tantanin akwai wata siririyar shimfiɗa mai taushi da yauƙi, ita ce ke barin tantanin ya riƙa zamewa a kan tsokar yana ba da amo. Idan wannan shimfiɗar ta yi tabo, ko an cire ciwon tas, murya ba ta komawa yadda take. Duk gardamar kujera da gadon tiyata a kanta take: wace hanya ce za ta fitar da ciwon ba tare da ta taɓa abin da ba ya tofuwa ba?

Yadda kowanne yake gudana

A ɗakin tiyata, za a hana ka abinci na awa 6 kafin aiki. Likitan sa barci ya yi maka allura, ya saka ɗan siririn bututun numfashi. Daga nan a miƙar da wuya, a saka wani bututun ƙarfe ta baki har ya kai kan igiyoyin, a kafe shi da maƙali don kada ya motsa. Likita ya zauna ta wajen kanka, ya jawo madubin ƙara girma, hannayensa biyu a sake, yana aiki da wasu dogayen almakasai da hantsaki masu baki kamar ƙwayar shinkafa. Ba tari, ba haɗiya, ba motsi. Yana iya danna igiyar ya ji taurinta, ya ɗaga ta ya leƙa ƙarƙashinta. Ladan wannan natsuwar jikinka ne ke biya: ƙarfen yana danne harshe da haƙoran sama, wasu kan tashi da harshe a mace ko ɗanɗano ya canza na 'yan kwanaki ko makonni, wani lokaci haƙori ya ɓantare, ga ciwon muƙamuƙi da jirin maganin barci.

A kan kujera kuwa, bututun ya ɗan fi wanda aka duba ni da shi kauri, wajen milimita 5, domin a cikinsa akwai wata kafa ta kusan milimita 2. Ta wannan kafar ake ɗiga maganin kashe wuri, lidoken, a kan igiyoyin yayin da kake cewa "iii", maganin ya riƙa ɓulɓula kamar mai kurkure maƙoshi. Za ka yi tari sau biyu ko uku, sai wurin ya mutu. Nan ne mutane da yawa ke tsorata, domin ji suke kamar wani ƙulli ya tokare musu wuya, ko yawu ya ƙi haɗiyuwa, alhali iska na shiga tana fita lafiya lau. Ta kafar nan dai ake zura zaren leza, wato haske mai ƙarfi da ke ƙona nama, ko ɗan hantsakin ɗibar nama, ko allura. Wani lokaci kuma mataimaki ne ke riƙe da kyamarar, likita ya soka allura ta fatar wuya daga gaba yana kallon bakinta a allo. Aikin kan ɗauki minti 10 zuwa 20, kuma ba shi da halin wuce haka sosai, don maganin yana sakin wuri, ga shi akwai iyakar lidoken da jiki ke ɗauka gwargwadon nauyin mutum. Abin da likita ke hari kuma yana motsi da kowane numfashi. Kamar mai zura zare a allura a bayan a-kori-kura ne, sai wanda hannunsa ya faɗa.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, kujerar ce ta girmi gadon. A 1854 wani malamin koyar da waƙa ɗan Sifen, Manuel Garcia, ya ga igiyoyin muryarsa da ɗan madubin likitan haƙori da hasken rana. A 1861 Victor von Bruns na Jamus ya cire wa ɗan'uwansa tsiro daga maƙogwaro ta baki, yana kallon madubi, ba maganin kashe zafi. A zamanin sai an yi kwanaki ana saba wa majiyyaci taɓi a maƙoshi kafin ranar aiki. Hodar koken ta shigo a matsayin maganin kashe wuri a 1884. Sai a 1895 Alfred Kirstein ya leƙa maƙogwaro kai-tsaye a Balin, a shekarun 1960 Oskar Kleinsasser ya haɗa wannan da madubin ƙara girma, a 1972 Strong da Jako a Boston suka shigo da leza ɗakin tiyata. Aikin ya tare can. Abin da ya dawo da shi kujera shi ne bututu mai lanƙwasa, wanda Sawashima da Hirose suka gabatar a Japan a 1968, da ƙaramar kyamarar da aka iya dasawa a bakinsa wajen shekara ta 2000, da ire-iren lezar da ke bin siririn zare, waɗanda ƙungiyar Steven Zeitels a Boston ta ba da rahoton amfani da su a ofis, wato a kan kujera a ɗakin ganin likita, a 2004 da 2006.

Inda kujera ta yi zarra

A ɗauki matar da aka yi wa aikin maƙoƙo, ta tashi muryarta ta koma iska zalla. Ba ta iya kiran yaro daga tsakar gida, tana gajiya kafin ta ƙare jimla, kuma in ta sha ruwa sai ya sarƙe ta. Jijiyar da ke motsa igiyar murya tana bi ta bayan ƙullin maƙoƙo, shi ya sa aikin kan taɓa ta. Ta hagu ma sai ta gangara ƙirji ta zagayo ta ƙarƙashin babbar jijiyar jinin zuciya kafin ta hauro, don haka ciwon huhu ko aikin zuciya ma yana iya shanyar da ita. Igiya ɗaya ta tsaya a gefe, 'yar'uwarta na zuwa tsakiya ba ta samun abin buga.

Maganin gaggawa shi ne a yi wa shanyayyar allurar wani abu mai kauri da zai kumbura ta ya turo ta tsakiya. Dabarar tsohuwa ce, Wilhelm Brünings ya fara ta da kakin farafin tun 1911, kodayake an daina amfani da shi saboda ƙullin da yake haifarwa. A yau akwai masu narkewa cikin wata biyu zuwa uku, akwai sinadarin hayaluronik mai kai wasu watanni, akwai mai sinadarin ƙashi da ke wuce shekara. A nan, a ganina, kujera ba ta da kishiya. Likita na tura maganin yana cewa, "Hajiya, ƙirga daga ɗaya zuwa goma," yana jin muryar na cikowa, yana ganin gibin na rufewa, ya san inda zai tsaya. Mai barci ba ya magana, sai dai a kintata. Akan ɗan zarce da gangan domin wani kaso zai tsotse, don haka kada a firgita idan muryar ta fito a matse kwanakin farko. Wani nazari na cibiyoyi bakwai a Amurka da aka buga a 2010 ya nuna tun a lokacin kusan rabin irin wannan allurar ido biyu ake yin ta.

Dalilin fara da mai narkewa kuwa shi ne jijiyar na iya farfaɗowa da kanta cikin wata 6 zuwa 12. In ba ta dawo ba, akwai aiki na dindindin da Nobuhiko Isshiki ya bayyana a 1974: a buɗe 'yar taga a guringuntsin zakaran wuya a saka ɗan abin tokari. Wannan a ɗakin tiyata ake yi, amma galibi mutum na farke don a ji muryarsa, wato ya ɗebo daga kowane ɓangare. Sai a lura, duk wannan maganar igiya ɗaya ce. Idan biyun ne suka shanye suka tsaya a tsakiya, matsalar ta numfashi ce, allurar kumburi kuwa ƙara toshe hanya za ta yi.

Na biyu shi ne tsiron nan mai dawowa, wanda ƙwayar cutar HPV nau'i na 6 da na 11 ke haddasawa. Yana fitowa cunkus kamar tsabar gero a jikin zangarniya, a cire shi, bayan wasu watanni ya sake tofowa. Akwai waɗanda aka shigar da su tiyata sau gommai a rayuwarsu. Ga babban mutum mai irin wannan, leza a kan kujera rahama ce. Lezar KTP koren haske take fitarwa mai tsawon zango nanomita 532, jan jini ne ke shanye shi, don haka tana ƙona ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da tsiron, ya yi fari, ya bushe, ya zube cikin kwanaki ko makonni. Daga baya an fito da mai shuɗin haske, 445, da ke aiki kusan haka. Majiyyaci kan ji ɗumi ko ɗan tsunguli, da ƙauri-ƙauri a hanci. Amfanin shi ne ba sai an jira tsiron ya cika ya shaƙe murya ba kafin a ce ya cancanci allurar barci. Ana tare shi tun yana ƙarami. Amma karon farko gara a yi a tiyata, a ɗebi nama a tabbatar da ko mene ne, a share mai yawan, a duba ko ya gangara ƙasa. Bayan nan sai kujera ta karɓi aikin shara.

Akwai kuma ciwon da ke sa igiyoyin su riƙa ɗamewa ba shiri, murya na yankewa kamar wanda aka shaƙe. Allurar Botox, mai sassauta tsoka, ake yi masa tun 1984, tana aiki wajen wata uku a sake. Ba mai kai mutum tiyata sau huɗu a shekara don wannan.

Inda gara a yi barci

Yara. Wannan ba abin tattaunawa ba ne. Yaro ba zai zauna a zura masa leza ba, hanyar iskarsa kuma ƙarama ce, ɗan kumburi kaɗan ya ishe ta. Tsiron HPV ɗin nan ya fi tsanani a yara, kuma sau da yawa akan yi ta ba su maganin asma wata da watanni, alhali yaron da muryarsa ta dishe kuma numfashinsa ke ƙara in yana jan iska, maƙogwaronsa ya kamata a leƙa. Rigakafin HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023 ya ƙunshi nau'i na 6 da na 11 ɗin, kuma a Ostareliya, inda aka fara tun 2007, an ga raguwar wannan ciwo a yara.

Haka duk wanda tsiro ya riga ya rage masa hanyar numfashi, ko tsiron mai yawan jini ne. Jini cokali ɗaya a maƙogwaron da aka kashe wa ji, mutum na zaune, ya isa ya rufe kyamara ya tayar da hankalin kowa. A tiyata akwai bututu a hanyar iska, akwai abin zuƙe jini, akwai likitan sa barci a tsaye.

Sai ƙullutun da ke binne ƙarƙashin tantani, mai ruwa ko maiƙo a ciki. Cire shi yana buƙatar a tsaga tantanin kaɗan, a ɗaga shi kamar mai ɓare dafaffen ƙwai, a zaro jakar gaba ɗaya ba tare da ta fashe ba, a mayar da tantanin. Hannu ɗaya na riƙe, ɗaya na yanka. Ta kafar milimita 2 wannan ba ya yiwuwa.

Tsakanin nan akwai fili mai faɗi inda likitoci kansu ke saɓani. Ƙaramin tsiro ja mai jini a gefen igiya, irin wanda ke fito wa ɗan kamasho ko malamin firamare bayan ihu, leza a kujera na iya shanye shi, kuma sakamakon da ake samu yana da kyau. Sai dai ba nan take yake ɓacewa ba, makonni yake ɗauka yana motsewa, wani sai an koma karo na biyu, kuma sau da yawa ba a samun naman kai wa gwaji. A tiyata ana ɗauke shi rana ɗaya a sa a kwalba. In da ni ne ke cin abinci da zaƙin murya, alaramma ko ladan ko mawaƙi, kuma akwai ƙwararren da ya saba da aikin madubi, barcin zan zaɓa. In kuwa ɗan kasuwa ne ni mai hawan jini da ciwon suga, burina a ji ni a waya, kujera ta ishe ni. Kumburin masu shan taba, wanda ke mayar da muryar mace kamar ta namiji, shi ma haka: ƙarami a yi masa leza, wanda ya cika ya yi jaka a kai shi tiyata, kuma ko wanne aka yi, in ba a bar sigari da shisha ba zai dawo.

Kantar murya kuma, wato 'yan ƙulle-ƙullen nan biyu da ke fitowa daura da juna saboda yawan buguwa, kamar kantar hannun manomi, galibi ba ta son kowanne daga cikin biyun. Gyaran yadda ake amfani da murya ne maganinta. Wanda ya ce zai ƙona maka ita a zuwan farko, ka nemi ra'ayin wani.

Maganar ɗibar nama

Nan ne zaɓin ya fi nauyi, domin rai ake magana. A farkon 1887 muryar yarima mai jiran gadon Jamus, Frederick, ta dishe. Likitocin Jamus suka yi zargin kansa ce, wato ciwon daji, suka so yin babban aiki. Aka kira Morell Mackenzie daga Landan, wanda ake ganin ba kamarsa a fannin. Ya ɗebo 'yan gutsattsarin nama ta baki da madubi da hantsaki, aka kai wa Rudolf Virchow, babban masanin gwajin nama na zamanin, ya duba bai ga kansa ba. Aka fasa aikin. A watan Fabrairun 1888 sai da aka huda wuyan yariman don ya yi numfashi. Ya hau gado a watan Maris, ya rasu a watan Yuni, kwana 99 kacal yana sarauta.

Kayan aiki sun canza nesa ba kusa ba, amma tarkon na nan. Hantsakin da ke bin kafar bututu bakinsa ƙanƙane ne, saman nama yake tsinkowa, kansa kuwa sai an ga ta nutsa ƙasa ake tabbatar da ita. Wani nazari a Isra'ila a 2013 ya sami cewa kaso mai yawa na sakamakon ofis da suka ce ba kansa, da aka sake ɗiba a tiyata, ashe ba haka ba ne. Wasu cibiyoyin sun sami abin da ya fi wannan kyau, amma ƙa'idar da aka tsaya a kai ɗaya ce. In gwajin kujera ya ce kansa ce, a yarda da shi, an ma ci ribar makonnin da za a ɓata ana jiran layin tiyata. In ya ce ba komai, alhali idon likita bai gamsu da kamannin wurin ba, musamman ga dattijo mai shan taba, ba a tafi gida a yi walima. Tiyata za a shiga a ɗebo mai zurfi.

A ƙasashenmu akwai ƙarin abu guda: tarin fuka yana kama maƙogwaro, kuma a ido yana kama da kansa sosai. Hoton ƙirji da gwajin majina kafin a taɓa wurin suna da arha, suna kuma kare ma'aikatan da za a yi wa tari a fuska.

Jikin mai ciwon

Akwai waɗanda barcin ne haɗarinsu: tsoho mai raunin zuciya ko huhu, wanda bai daɗe da shanyewar ɓarin jiki ba, mai ƙiba da gajeren wuya, wanda aka taɓa gasa wa wuya da hasken maganin kansa har ya sandare, wanda bakinsa ba ya buɗewa sosai. Wasu cikinsu ko an sa su barci bututun ƙarfen ba ya kaiwa inda ake so, mai lanƙwasa kuwa ba ruwansa da taurin wuya. Masu shan maganin tsinka jini ma sau da yawa ana yi musu aikin kujera ba tare da an dakatar da shi ba, amma wannan hukuncin likita ne, kada ka daina sha da kanka.

Kada kuma a ɗauka kujera ba ta taɓa zuciya. Bugun zuciya da hawan jini suna tashi yayin aikin, don haka wanda jininsa ke sama sai an daidaita shi tukuna. Haɓo kan faru, wasu kan ji jiri su yi luu kamar za su suma, wani lokaci igiyoyin su ɗame na ɗan lokaci. Akwai kuma mutumin da ko buroshi ya kai ƙarshen harshe sai ya yi kakarin amai, da mai rawar kai, da mai toshewar hanci, da wanda tsoro ke hana shi zama. A manyan cibiyoyi fiye da tara cikin goma ana kammala musu aikin, ragowar a tsaya a mayar da su tiyata. Wannan ba ragwanta ba ce, halitta ce. In dubawar farko ma da ƙyar ka jure ta, faɗa wa likita gaskiya tun kafin a buɗe kayan da za ka biya kuɗinsu.

Kuɗi, tafiya, da abin da ke kusa

A Amurka lissafin a fili yake: wani nazari a 2007 ya nuna yin lezar tsiron HPV a ofis na rage fiye da dala 5,000 a kowane aiki. Ba kuɗin ɗakin tiyata, ba na likitan sa barci, ba na gado, mutum ya koma aiki washegari. Mu ma mun san wannan ɓangaren: gwaje-gwajen kafin barci, kwanan asibiti, majinyaci da abincinsa, ga ranar aiki da akan ɗaga.

Sai dai a wajenmu lissafin kan juye. Manyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos suna da sassan kunne da hanci da maƙogwaro, ga Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, ga babban asibitin ƙasa na Yamai. Leƙa maƙogwaro kai-tsaye cikin barci aiki ne da kowane likitan fannin ya koya. Bututu mai kafa da na'urar leza kuwa kaya ne masu tsadar gaske, suna son wuta tsayayya da mai gyara, zaren lezar ma saye ake yi. Aikin tiyata a hannun wanda ke yin sa kowane mako ya fi leza a hannun wanda ya sayo ta bara. Tambayi likita sau nawa ya yi irin aikinka ta wannan hanyar, me zai yi in ba a iya kammalawa ba, ko za a sami naman kai wa gwaji, da yadda ake wanke bututun. Wannan ta ƙarshen ba rashin kunya ba ce, kafar nan tana taɓa jini da majina, ciwon hanta da tarin fuka kuma ba baƙi ba ne a wurinmu.

Masu niyyar Masar ko Indiya su lura da abu guda: aikin kujera sau da yawa zama biyu ko uku ne, makonni a tsakani. In za ka sayi tikiti sau uku, ko ka yi wata biyu a masauki, arahar ta gudu. Ga mai zuwa daga nesa, aiki guda cikin barci da zai gama komai kan fi sauƙi.

Kafin duk wannan ma, sai an leƙa. Ƙungiyar likitocin fannin ta Amurka ta ce a jagorarta ta 2018 dishewar muryar da ta kai mako huɗu ba ta warware ba a duba maƙogwaro, in akwai taba ko ƙulli a wuya ko wahalar numfashi kuwa ba a jira ko hakan. Mu kuwa zuma da citta da kanumfari za su ci wata uku, daga nan a tafi wajen wanzami a cire beli. Belin yana can sama a ƙarshen ganɗa, igiyoyin murya na ƙasa da shi da tazara mai yawa, aska ba ta isa wurin, kuma cire shi ba ya taɓa abin da ke damun su.

Bayan aikin kujera ba ci ba sha na kusan awa ɗaya, har ji ya dawo, in ba haka ba ruwa zai bi hanyar iska ba ka sani ba. Bayan allurar kumburi galibi ana iya magana da wuri. Bayan leza ko yanka kuwa akan ce a yi shiru na wasu kwanaki, wanda aka ɗaga wa tantani har zuwa mako guda, sannan a dawo da magana kaɗan-kaɗan. Raɗa ba hutu ba ce, tana wahalar da igiyoyin, haka yawan gyaran murya da kakari. Takarda da biro ko saƙon waya su ne bakinka a kwanakin nan. A sha ruwa sosai, a rufe hanci daga ƙurar hunturu da hayaƙin murhu, a ci gaba da maganin ƙwannafi in an ba da. In numfashi ya fara ƙara ko ya yi wuya a daren farko, asibiti za a koma a daren, ba a jiran safiya.

Ko ta wace hanya aka bi, muryar da za a iya dogara da ita a gaban lasifika tana ɗaukar makonni kafin ta zauna. Mai jan baƙi ko limamin tarawihi da ke son ya shiga azumi da muryarsa, tun Jimada ko farkon Rajab ya kamata ya je a leƙa, domin in kujera ce ana iya buƙatar zama na biyu, in tiyata ce akwai layi a gabansa.